Safar da Ta Toshe Bakin Ƙararrawa

Gobarar ba ta ma kai a kira ta gobara ba. Wasu samari uku ne da suka zo Birmingham kallon ƙwallo suka bar burodi a cikin abin gasawa suka fice, ya kama da wuta, ya lashe labulen kicin da rabin kabet. Amma hayaƙin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya cika barandar hawa na uku, har wata tsohuwar Baturiya da ke maƙwabtaka sai da ta kwana biyu a asibiti. Da 'yan kashe gobara suka ɗaga kai su ga abin da ya hana ƙararrawar hayaƙi yin kuka, sai suka tarar an zura mata safa, an ɗaure da roba.

To, a nan fa ake yin ta. Gidan na Hajiya Kulu ne, matar marigayi Dakta Ja'afar, wadda ke zaune a Cheetham Hill a Manchester. Shi kuwa gidan a Aston yake, dab da jami'a. A shekarun baya hayar kwana ɗaya kwana biyu ake bayar da shi ta manhajar waya, yana kuma kawo alheri ba laifi. Sai maƙwabta suka yi ta kai ƙara wajen hukumar gari saboda hayaniyar baƙi, kamfanin da ke da ginin ya fito da sabuwar doka, ya ce daga yanzu babu hayar da za ta gaza wata shida, wanda ya karya kuma a kai shi kotu, yana iya rasa gidan ɗungurungum. Hajiya ta ce ta ji ta bi. Ta zuba Junaidu, wani ɗalibi mai karatun digiri na uku, shi da matarsa. Ga shi yanzu an tsinci 'yan kallon ƙwallo a ciki, sun biya kuɗi ta waya ga wanda ba su taɓa gani ba, sun ɗauki makulli a wani ɗan akwatin ƙarfe da aka maƙala a shingen baya. Tallar da suka gani a manhajar ma an goge ta tun kafin tokar ta huce.

Ranar Litinin takardar kamfanin ta iso. Sun ba Hajiya zuwa ƙarfe goma sha biyun ranar Juma'a ta rubuto sunan wanda ya bayar da hayar, su miƙa wa 'yan sanda. In ba ta rubuto kowa ba, to ita ce.

Kafin la'asar ta ranar, zauren WhatsApp na Hausawan garuruwan biyu ya gama shari'a ya yanke hukunci. Junaidu ne mana, wa kuma? Wata uku ya yi a Najeriya yana binciken ruwan rijiyoyi, ya bar gida babu kowa. Duniya ta san gwamnatin jiharsu ta daɗe ba ta turo wa ɗalibanta ko sisi ba, amma shi kuɗin hayarsa bai taɓa makara ba. Ruwa ba ya tsami banza, in ji wani injiniya, mutum goma sha ɗaya suka ɗaga masa babban yatsa. Kowa kuma ya san abin da zai biyo baya. Mai bizar karatu ba shi da izinin yin kasuwanci, in sunansa ya shiga wannan takarda, jami'a za ta sallame shi, a sa shi a jirgi, alhali wata uku kacal ya rage masa ya kare karatun shekara huɗu.

Washegari Hajiya ta kira Malam Rabi'u na Sparkhill ta ce ya je ya rubuta mata ɓarnar da aka yi, ta haɗa da sunan yaron nan ta tura. Aikinsa ke nan, duba gidajen haya in za a shiga da in za a fita, ya rubuta kowane tabo da kowane ƙusa. Amma ba don wannan ake ce masa Mai Sawu ba. Ubansa a ƙauyensu can ƙasar Batsari shi ake tasowa in an kore shanu, tun Rabi'u yana ɗan shekara tara yake bin sa da gorar ruwa, yana koyon yadda ake bambanta sawun saniyar da take kiwo da na wadda ake kora. Yanzu ya haura hamsin da biyar, ga tabarau, ga ciwon baya, amma har gobe in ya shiga ɗaki ƙasa yake fara kallo kafin ya kalli fuskar mai ɗakin. Ya ce da Hajiya zai je, sai dai ta riƙe alƙalaminta zuwa Alhamis. Ta ce ita ba ta ga abin jira ba, amma don darajarsa za ta yi.

Da ya isa gidan na Aston, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya tsaya ya daɗe bai taka ba. A ƙarƙashin ƙararrawar, kafet ɗin baranda ya lotsa wuri huɗu, sawun ƙafafun kujera. Ba sau ɗaya aka ɗora ta ba, sawun ya hau kan sawu ya fi a ƙirga, wani ya ɗan goce hagu wani dama. Wato wani yana zuwa, ya hau ya sa safar, ya gama abin da zai yi, ya sake hawa ya cire. Rana ɗaya ce ya manta. Kuma ko wane ne ba dogo ba ne, don rufin gidan ba shi da wani tsawo.

A gefen ƙararrawar akwai 'yar takardar da mai kula da ginin yake mannawa in ya gwada ta. Kwanan watan ya nuna an gwada ta lafiya lau sati uku bayan tafiyar Junaidu.

Safar tana nan a kan teburin kicin inda 'yan kashe gobara suka yar da ita. Koriya ce mai kauri irin ta sanyi, diddigenta ruwan goro. Robar da aka ɗaure ta da ita kuwa baƙar robar gashi ce ta mata. Ya sa su a aljihu.

A ɗakin kwana ya durƙusa da kyar, yana tsine wa bayansa, ya ɗaga labule. Ga wani zagayayyen tabo a kafet, faɗinsa kamar gindin kofi, inda zafi ya ɗan narkar da zaren. Ya sa hanci a labulen. A ƙarƙashin ƙaurin gobara akwai wani ƙamshi da babu Bahaushen da zai tambayi sunansa, turaren wuta ne, haɗin 'yan Maiduguri. Ashe abin da ake toshe bakin ƙararrawar dominsa ke nan, kasko ake kunnawa a turara ɗaki.

Ƙaramin ɗakin a kulle yake, ya buɗe da makullin da aka ba shi. Nan aka tara kayan masu gida gaba ɗaya, an shirya su tsaf. Alƙur'anin Junaidu yana can saman komai, an naɗe shi a sabon tawul, ba a ɗora masa ko takarda ba. Ƙananan kayan matar kuma an ƙunshe su a zani an tura ƙasa inda ido ba zai kai ba. Malam Rabi'u ya tsaya yana sosa gemu, ransa bai yi masa daɗi ba. Wannan hannun 'yar gida ne mai tarbiyya, kuma hakan ya fi tayar masa da hankali fiye da a ce hannun ɓarawo ya gani.

Junaidu, wanda bai daɗe da dawowa daga Najeriya ba, ya same shi a wani shagon shayi a kan Stratford Road. Siriri ne, idonsa ya faɗa, ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran a kore shi. Ya ce shi bai tara kaya a ko'ina ba, yadda suke zaune haka suka ja ƙofa suka tafi, har kofinsa a kan tebur ya bar shi. Ya ce bai ba kowa makulli ba. Da Malam Rabi'u ya tambaye shi daga ina kuɗin haya ke fitowa, sai ya ce filin da ya gada daga mahaifiyarsa a Funtuwa ya sayar, bai gaya wa kowa ba don kunya. Ya nuna takardar cinikin a wayarsa.

Malam Rabi'u bai nuna ya gamsu ba, don a aikinsa ya ga takardu kala-kala. Ya tambaye shi ko matarsa tana kunna turaren wuta. Junaidu ya ce tana so, amma tun ranar da ƙararrawar ta tara musu maƙwabta a satinsu na farko ta haƙura, ta koma na fesawa. Ya ce ita tana can Funtuwa ma bai taho da ita ba, tana da juna biyu.

"Baba, jiya a masallaci na miƙa wa mutum hannu ya yi kamar bai gani ba," in ji shi. "Mutumin da na koya wa 'yarsa lissafi kyauta."

Malam Rabi'u ya biya kuɗin shayin, bai yi masa alkawarin komai ba. Mutum yana iya zama a Funtuwa ya juya gida a Aston da wayarsa, in dai yana da mace a nan da za ta riƙa share masa.

Macen da ta fi kusa da zato ita ce Celestina, 'yar Kafanchan, wadda take share gidan a zamanin da ake hayar kwanaki. Sabuwar dokar ta raba ta da aikin kwana uku a sati, kuma har yau makullinta yana hannunta. Ya same ta tana jiran bas, da bokiti da tsummoki a jaka. Gajeriya ce kuwa, abin da ya fara lura da shi ke nan. Da ta gane inda tambayoyinsa suka dosa sai ta ajiye jakar, ta riƙe ƙugu. Ta ce dama ta sani, in abu ya ɓace a gidan Hausawa mai shara ake fara kallo, in mai sharar ma Kirista ce to an huta da bincike. Ya ba ta haƙuri, bai kuma janye tambayar ba.

Sai ta zaro abin shaƙar masu asma daga aljihu ta kaɗa masa a fuska. Ta ce shekara uku Hajiya tana roƙon ta ta riƙa turara gidan kafin baƙi su zo, tana ƙi, don hayaƙin nan in ya shige ta sai motar asibiti. Ta ce ya je ya tambayi likitanta in yana so. Bas ɗin ya iso, ta sa ƙafa ɗaya, sannan ta juyo ta ce in da gaske sawu yake bi, ya tambayi Sa'id abin da yake kawo shi Birmingham kowace Asabar, don ita da idonta ta gan shi sau huɗu.

Sa'id ɗan wan Hajiya ne, akanta a Manchester, shi ya riƙe tsohuwar tallar gidan a manhaja, ya san hanyar kamar yunwar cikinsa. Ranar Laraba da safe Malam Rabi'u ya hau jirgin ƙasa ya same shi a ofis. Da Sa'id ya miƙe gaishe shi, sai da Malam ya ɗaga kai, don zanƙalele ne, irin wanda zai taɓa rufin gidan Aston ba tare da ya yi ɗage ba. Amma dogo ma yana iya samun gajeriya.

Da aka ambaci Asabar sai zufa ta keto masa cikin sanyin nan. Ya yi 'yan kame-kame, ya ce aiki, ya ce aboki, Malam Rabi'u yana kallonsa kawai ta saman tabarau. Can ya rufe ƙofa ya faɗi gaskiya. Wata yarinya yake nema a Sparkhill, Inaya, 'yar wani ɗan Pakistan mai shagon yadi, bai kuma san ta bakin da zai gaya wa Gwaggonsa Hajiya ba. Malam Rabi'u ya san shagon, ya san uban, ya ma tuna ya taɓa ganin wani dogo yana taya su sauke dilar yadi. Ya ce masa Allah ya sanya alheri, ya kuma yi maza ya faɗa kafin Celestina ta riga shi.

Da hankalinsa ya kwanta sai bakinsa ya buɗe. Ya ce makulli huɗu ne, na Junaidu, nasa, na Celestina, da wanda ke rataye a bayan ƙofar kicin ɗin Gwaggo. Ya ce shi abin da ya daɗe yana ba shi mamaki, tun da aka hana hayar kwanaki kuɗin da Junaidu ke biya ba ya kai abin da banki ke karɓa duk wata na mortgage, wato bashin da Dakta ya ci ya sayi gidan. Ya taɓa yi wa Gwaggo maganar, ta ce ita tun rasuwar Dakta ba ta buɗe takardar Turawa, 'yarta Auta ce ke dubawa, kuma ta ce komai lafiya.

Malam Rabi'u ya fito ya hau taragon da ke zuwa wajen Cheetham Hill yana tunanin abin da bai so ya yi tunani ba. Ba yau aka fara ba, mai gida ya karya doka da kansa, in ta fashe ya nemo wanda ba shi da gata ya ɗora masa.

Hajiya Kulu ta karɓe shi hannu bibbiyu, tana dogara sanda saboda gwiwa. Mace ce mai faɗa da kyauta, duk ɗalibin da ya sauka Manchester ya ci tuwonta, kuma duk ya sha faɗanta. Tun kafin ya zauna ta sa garwashi a kasko ta barbaɗa turare, tana cewa ita a gidansu ba a saukar da baƙo a ɗakin da ba a turara ba, ko Ingila ko ba Ingila ba. Ƙamshin labulen Aston ne sak. Bai ɗauki wannan a bakin komai ba, don rabin matan Hausawan ƙasar nan a wajen mace ɗaya suke saye.

Ta yi ta zuba. Ta ce ta riƙi yaron nan kamar ɗa, ta rage masa haya, ashe macuci ne. Ta ce gidan nan na Aston shi kaɗai Dakta ya bar musu, da guminsa na aikin dare shekara ashirin. Hayaƙi ya cika falon ya fara fita baranda, Malam Rabi'u yana sauraro da kunne ɗaya, ɗayan kuma yana jiran wani ƙara da bai zo ba. Ya nemi izinin yin alwala. A baranda ya ɗaga kai.

Safar da ke bakin ƙararrawar koriya ce, mai diddige ruwan goro, an ɗaure da baƙar robar gashi.

Ya daɗe a banɗaki yana zuba wa hannunsa ruwa. Da ya dawo ya ce, kamar da wasa, ashe Hajiya ma ta san dabarar nan ta safa. Ta yi dariya ta ce ita da wannan gwiwar ina ita ina hawa kujera, Auta ce ke sawa tana cirewa. Safar marigayi ce ma, ɗayar ta ɓace tuntuni. Ya tambayi lafiyar Autar. Ta ce Latifa tana nan, aiki ya yi mata yawa, kwana biyu a sati har Birmingham ake tura ta wani kantin magani, ga shi duk ta rame kwanan nan.

Ya duba fuskar Hajiya da kyau, bai ga komai a ciki ba sai uwa mai alfahari da 'yarta. Tausayinta ya kama shi, ya ɗan taɓa tuwon da ta kawo masa ya ajiye. Ya ce gobe bayan la'asar yana son ta tara masa kowa a nan falon, har da Junaidu.

Ranar Alhamis suka hallara. Junaidu ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ba wanda ya ce ya hau kujera. Celestina ta ce in za a kunna hayaƙi ita a waje za ta tsaya, aka ce ba za a kunna ba. Sa'id yana ta duba waya. Latifa ta shigo da tiren shayi, 'yar gajeriya mai fara'a, shekararta ashirin da shida, Hausarta tana fita da muryar 'yan Manchester. Ta durƙusa ta gaida Kawu Rabi'u, ba ta kalli inda Junaidu yake ba. Takardar kamfanin tana kan tebur, Hajiya ta riga ta rubuta sunan Junaidu da fensir, jira kawai take a ce ta bi da biro.

Malam Rabi'u ya faɗi abin da ya gani a gidan daki-daki, sawun kujera, tabon kasko, Alƙur'ani a saman kaya. Ya ce Junaidu yana Najeriya lokacin da aka fara sa safar, kuɗin hayarsa kuma filinsa ya sayar yake biya. Ya ce Celestina hayaƙi zai kashe ta, Sa'id kuma ba ya buƙatar kujera. Hajiya ta ce to ai sai ya faɗi macen da yaron ya sa, ya daina ja musu rai.

"Kafin nan," in ji shi, "tunda yau ba a kunna turare ba, Latifa, cire wa ƙararrawar nan safarta mana. Haɗari ne."

Ta tashi ba musu, ta jawo kujerar cin abinci, ta hau, ta yi ɗage. Ta zare robar ta zura a wuyan hannunta ba tare da ta duba ba, ta sauko da safar. Ya miƙa hannu ta ba shi. Ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya zaro ta aljihunsa ya shimfiɗa kusa da ita, ya ɗora robar a kai.

Hajiya ta kalli safar mijinta guda biyu, ta kalli 'yarta.

"Auta?"

Latifa ta zauna a kan kujerar da ta hau, ta fara magana da Turanci, uwar ta ce da Hausa za ta faɗa. Ta faɗa tana kuka. Wata bakwai ke nan banki yana aiko da takarda, na ƙarshe sun ce za su karɓe gidan. Ta zuba albashinta bai isa ba. Ta kasa gaya wa Mama saboda hawan jininta. Da ta ji Junaidu zai yi wata uku ba ya nan, sai ta ce bari ta yi na ɗan lokaci ta cike giɓin, ta mayar masa da kayansa yadda suke, ba wanda zai sani. Ranar da ta manta safar, an kira ta ne daga wurin aiki tana tsakiyar turara labule.

Sa'id ya tambaye ta, cikin takaici, me ya kai ta kunna kasko a gidan da 'yan ƙwallo za su kwana, su da ba su san bambancinsa da hayaƙin taba ba.

"Baƙi ne ai," in ji ta. "Ban iya ba su ɗaki haka nan ba."

Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe, sai ta fara lissafi a fili. In ba a rubuta kowa ba, gidan Dakta ya tafi. In aka rubuta Latifa, maganar za ta kai ga hukumar masu harhaɗa magani, aikinta yana iya tafiya, gidan ma ba tabbas. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in ji ta. Daga nan idonta ya sauka a kan Junaidu, ya daɗe a can, kowa a falon ya ga abin da ke zuwa.

"Junaidu, kai dama gida za ka koma," ta ce a hankali. "In aka rufa mana asiri, wallahi ba za ka yi asara ba. Filin da ka sayar ma..."

"Hajiya," in ji Malam Rabi'u. Bai ɗaga murya ba, amma ransa ya ɓaci ƙwarai. "Na ci tuwonki jiya, ina kuma jin kunyarki. Amma in sunan yaron nan ya shiga takardar nan, gobe da safe ni da safar nan biyu muna ofishin kamfanin."

Latifa ce ta jawo takardar. Ta goge fensirin da gefen yatsa har wurin ya yi baƙi, ta ɗauki biro ta rubuta sunanta cikakke, ta tura wa uwar ta sa hannu. Hajiya ta daɗe tana riƙe da biron kafin ta sa. Daga nan Latifa ta sauko ƙasa ta durƙusa a gaban Junaidu ta ce ya yafe mata, kwana huɗu tana karanta abin da ake rubutawa a kansa, ta kasa buɗe baki.

Junaidu ya ce ya yafe. Ya ce shi ba ya son fili, ba ya son ragin haya, abin da aka rubuta a zaure ma in an ga dama a goge in an ga dama a bari. Abu ɗaya ne. Wani ya tura maganar gida, ta kai kunnen mahaifinsa a Funtuwa. Tsoho ne mai shekara saba'in da takwas, shi ke jan salla a masallacin unguwarsu, tun shekaranjiya bai fita ba, ya ce ba zai tsaya gaban mutane ba alhali ana cewa ɗansa ya ci amanar marainiya da uwarta a ƙasar Turawa. Ya kira shi sau tara, ya ƙi ɗauka.

Sa'id ya ce shi zai kira ya yi bayani. Malam Rabi'u ya ce ko shi. Hajiya ta girgiza kai, ta share ido da bakin mayafi, ta miƙa hannu.

"Sa min lambar a wayata."

Junaidu ya sa. Ta yi ƙara sau biyar, ana ji a falon, sannan wata tsohuwar murya ta yi sallama daga nesa, da kukan awaki a bayanta. Hajiya ta dafa sanda ta miƙe tsaye, ko da yake ba ganin ta yake ba.

"Malam, sunana Kulu, ni ce mai gidan da ɗanka yake haya. Ni na ce ya ci amanata. Ban faɗi gaskiya ba, 'yata ce ta yi. Don Allah ka fita ka ja wa mutane magariba."